Dish ɗin Inna da Gawon Baffa

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, a wani ɗan shago cikin birnin Kano, kuma sana'ar nan ta ɓata ni. Duk abin da na gani da noti a jikinsa sai in ɗauka ƙanin keken ɗinki ne, in na kwance na mayar dole ya yi mini biyayya. Da wannan girman kai na tunkari dish ɗin da na sa aka kafa wa mahaifiyata a ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta, shekarar da Baba ya rasu.

Inna Babarbariya ce. Baba ya auro ta daga ƙasar Borno lokacin da yake fataucin busasshen kifi, ya kawo ta garinmu inda ba ta san kowa ba. Ta iya Hausa har ta fi mu iya faɗa da ita, amma in sun zauna ita da Baba, Barbarci suke yi. Nasa Barbarcin na kasuwa ne, duk a karye, kullum tana yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Mu 'ya'ya ba wanda ya ɗauka. Mun iya gaisuwa, mun kuma san kalmar da in ta fito daga bakinta gara ka nemi ƙofa. Da Baba ya tafi, duk faɗin garin ba sauran mai amsa mata da yarenta.

Tun ba ta fita takaba ba ta fara ɗaure kaya. Ta shimfiɗa wani tsohon zane a ƙuryar ɗaki, yau ta sa zannuwa biyu, gobe ta sa tasa, jibi carbi. Abu ɗaya ta bari a waje, kaskon turaren wutarta, wanda ta zo da shi tun tana amarya. Duk yamma sai ta zuba masa garwashi, gidan ya ɗauki ƙamshi. Ni da ƙanwata, wadda ke aure a unguwar kuma take wuni da ita, mun san ranar da kaskon nan ya shiga ƙulli magana ta ƙare.

"Gida zan tafi," in ji ta.

"Inna, nan ɗin ba gida ba ne?"

"Gidan ubanku ne. Shi ma ga shi ya tafi."

Garin da take kira gida tashin hankalin shekarun nan ya watsa shi. Ba mu da lambar kowa a can, ba mu san wanda ya rage ba. Ita kuma gwiwarta ko bakin rijiya ba ta kai ta sai ta huta a hanya. Tsoro na ji, tsoro sosai, don na san halinta. In ta ce za ta yi abu, sai dai ka ga ta yi.

Wani tela mutumin Borno da nake gyara wa keke shi ya ba ni dabara ba da saninsa ba. Na je shagonsa da yamma na tarar talabijin ɗinsa na magana da yaren da nake ji ta bayan labulen iyayena. Ya ce tasha ce ta kyauta, ba a biyan ko kwabo, tana yin shiri da Barbarci kullum kafin magariba, labarai da gaishe-gaishe. Sai dai tana kan wani tauraro daban da wanda tashoshin Hausa suke. In ana son duka biyun da dish ɗaya, sai an sa masa injin da ke juya shi. Ban bari sati ya zagayo ba na sayi dish da inji, na ƙara batir a kan 'yar solar gidan.

Mai haɗawa ya zo daga Kano tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Gidanmu ƙarami ne, ta kowane gefe gona ta dafe katanga, don a ƙasarmu ba a barin ko taku ɗaya ba shuka. Rufin ɗakunan na azara ne da ƙasa, ba zai riƙe ƙarfe ba. Wuri ɗaya ya samu, a tsakar gida kusa da rumbu. Ya haƙa rami, ya tsayar da bututun ƙarfe, ya zuba siminti, ya yi ta zagaya shi yana aunawa kamar mai tayin sa a kasuwa. Ya ce mini sirrin abin biyu ne. Ƙarfen ya tsaya cak ba karkata, sannan in inji yana tsakiya dish ya kalli kudu sosai. Taurarin, in ji shi, a jere suke a sama sun yi baka daga gabas zuwa yamma. In ɗaya cikin biyun nan ya kuskure, na tsakiya za su ci gaba da kamawa, na gefe-gefe ne za su fara ɓacewa. Tauraron Inna kuwa shi ne na can ƙarshen gabas, ƙasa-ƙasa, siginarsa ma da ƙyar take isowa.

Da ya danna rimot, inji ya yi gurnani, dish ya juya a hankali ya sunkuyar da kai gabas. Na tsaya a bayansa na bi inda ya nufa da ido. Ta tsakanin rassan gawon da ke bayan katangarmu na hango tankin ruwan makarantar ƙauyen gaba. Na ce a raina, to ga shaida, saitin tanki.

Da ƙyar Inna ta yarda ta shigo ɗakin.

"Wannan faifan naka ne zai yi mini magana?"

Ba ta rufe baki ba wata mata ta bayyana a talabijin ta yi gaisuwa. Inna ta amsa da ƙarfi, ta gyara zama, ta jawo mayafi kamar baƙuwa ta shigo. Ta yi ta tanka wa matar, wani wuri ta yi tsaki, wani wuri ta yi dariya har da tafa hannu. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Ni da ƙanwata muka tsaya a bakin ƙofa ba mu fahimci komai ba, amma ni dai idona ya cika. Washegari ƙullin ya kwance, zannuwa suka koma akwati.

Haka muka ci sauran damina lafiya. Sai da aka girbe gero, aka fara yankan dawa, ƙanwata ta kira ni a waya.

"Yaya, tashar Inna ta fara in'ina."

"Sauran fa?"

"Sauran ƙalau."

Hoton ne yake daskarewa, matar ta buɗe baki ta tsaya haka, sai can ta ƙarasa. Bayan 'yan kwanaki ta ɓace gaba ɗaya, sai baƙin allo. Na ce ai na san ciwon, abin da mai haɗawa ya faɗa ne tsaf, na tsakiya suna nan, na gefe ya tafi. Ƙarfe ya karkata. Ranar Asabar na rufe shago na hau bas da sufana a aljihu.

Da shigata gida me zan gani? Igiyar shanya ɗaure a jikin ƙarfen, zannuwa jiƙaƙƙu sun ja ta. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ƙanwata ta ce igiyar jiya aka ɗaura, tasha kuwa ta kwana biyu da mutuwa. Ban saurare ta ba. Na ɗaura dutse a zare na sake shi gefen ƙarfen, na duba ta gabas, na duba ta kudu. A idona ya ɗan karkata. In na matsa gefe kuma sai in ga ya miƙe. Na kwance notin inji na ɗan taɓa shi hagu, ƙanwata tana bakin ƙofa tana kallon layin kore da ke nuna ƙarfin sigina.

"Ya hau?"

"A'a."

"Yanzu fa?"

"Ya ɗan motsa. Ya koma."

"Ki duba da kyau mana!"

"Yaya, idona biyu, ba abin da ya hau."

Kafin la'asar na kashe tashoshin Hausar ma. Matan unguwa da suka saba zuwa kallo suka zo suka tarar da baƙin allo, suka koma suna cewa ɗan birni ya zo gyara. Sai da na kwana na ƙara wuni kafin na dawo da na tsakiya, na Inna kuwa ko alamarsa.

Daga nan na zama ɗan hanya. Duk Asabar ina cikin bas, duk Litinin ina komawa Kano da jan ido. Na canja waya tun daga dish har ɗaki. Na sayi sabon kan dish, ɗan abin nan da ke gaba mai kama sigina. Na kai risiba, akwatin da ke haɗe da talabijin, kasuwa aka gwada aka ce lafiyarta lau. Na mayar da inji tsakiya na sake koya masa taurarin ɗaya bayan ɗaya. Na zargi akuyar Inna da soshe-soshe a jikin ƙarfen, na sa aka canja mata turke. Har haƙa na yi gefen simintin na cusa duwatsu, wai in tayar da ƙarfen da ban tabbata ya kwanta ba. A shago hankalina ba ya jikina, na haɗa wa wata mata keke allura a juye ta dawo tana yi mini ruwan masifa. A cikin bas kuwa ba abin da nake kallo sai dish ɗin mutane a kan rufi, ina duba inda kowanne ya fuskanta, ina jin haushin masu su.

Mai haɗawar ya tafi aiki wata jiha, sai ta waya muke magana. Rannan ya tambaye ni, "Alhaji, ba abin da ya tare gaban dish ɗin? Bishiya ko gini?"

Na ce, "Malam, ba wanda ya yi gini. Bishiya kuwa ai rani muka shiga, ganye sai zuba yake. Da zai tare, da tun damina ya tare."

Ya ce, "Gaskiyarka. To ƙarfenka ne."

Inna ba ta taɓa ce mini komai a kan tashar ba. Da ma faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. In lokacin shirin ya yi sai ta shigo ta zauna gaban talabijin, ƙanwata ta danna, inji ya yi gurnani, dish ya sunkuya gabas, allo ya tsaya baƙi. Ta ɗan jima tana kallo, sannan ta dafa bango ta tashi ta yi alwala. Tsohon zanen nan ya dawo ƙuryar ɗaki. Duk zuwan da zan yi sai in ga ƙullin ya ƙara tsayi. Na ji labari ta aika tashar mota a Ɗambatta a tambayo mata ranar da motar gabas ke tashi. In na shigo gida, kafin in gaida kowa, wurin kaskon nake fara kallo.

Wata Asabar na tarar da shi a kife a rana, an wanke shi tas, ba toka ba garwashi. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Ta ce ranar kasuwa mai zuwa."

Ban ko sha ruwa ba na nufi dish. Na kwance, na ɗaure, na ɗaga, na sauke. Noti ɗaya ya ƙi juyawa, sufana ta zame ta ɓare mini yatsa. Na yi wurgi da ita ta haye katanga. Na tsuguna a bayan dish ɗin ina tsotsar yatsa, na ce bari in koma farko, in nemo tankin nan, in saita da ido yadda na gani ranar da aka kafa. Na sa ƙanwata ta danna, dish ya juya gabas, na bi inda ya nufa.

Ba tanki. Na miƙe, na yi ɗage, na matsa hagu, na matsa dama. Ba tanki ba makaranta, sai kore cunkus tun daga kan katanga har sama.

Duk ɗan ƙasarmu ya san halin gawo. Itace ne mai yin nasa daban. In damina ta sauka kowace bishiya ta yi ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, shi ya sa manoma ke ƙaunarsa, don ba ya hana shuka rana. In ruwa ya ɗauke kowa ya bushe, sai shi kuma ya yi lif. A ƙarƙashin wannan gawon na yi rarrafe. Na tsinci 'ya'yansa na kai wa awaki ban san iyaka ba. Amma wata da watanni ina kokawa da ƙarfe, ban ɗaga kai na dube shi ba ko sau ɗaya. Na zagaya bayan katanga ɗauko sufana, na same ta kwance cikin inuwa mai sanyi, a wurin da rana ke gasa mutum lokacin da aka kafa dish.

Na dawo na mayar da komai yadda mai haɗawa ya bar shi, na zauna gaban talabijin ina kallon layin kore. In iska ta kaɗa rassan sai ya ɗan yi tsalle, in ta lafa sai ya kwanta. Ƙarfen bawan Allah bai taɓa karkata ba.

Gawon kuwa ba namu ba ne. Da aka raba gadon kakanmu, gonar da ke bayan katangarmu ta faɗo wa Baba, itacen da ke cikinta ya faɗo wa ƙaninsa, Baffa, kamar yadda ake yi a wajenmu. Da 'ya'yan gawon nan Baffa yake kiwon ragunan da yake sayarwa duk shekara. Na same shi a zaurensa yana gyara igiya, na zayyana masa komai ina ta kame-kame. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe duk zaryar nan da gawona kake faɗa! Da ka tambaye ni ai da na raba ku."

"Baffa, rassan gabas ɗin nan ne. In ba a rage su ba..."

"Na ji. Gobe da safe ka zo da gatari da tsani. Raguna su ci dusa bana. Matar yayana ba za ta bar garin nan saboda ganye ba."

Da safe muna tsaye gindin itacen, Baffa na nuna rassan da za a sauke, sai ga Inna ta zagayo da sandarta, tana tafe tana hutawa. Rabonta da zagayowa bayan katanga tun rasuwar Baba.

"Me za ku yi da gatari?"

Na yi mata bayani, dish, tauraro, ganye, duka. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon itacen.

"Ba mai taɓa shi," in ji ta.

Baffa ya ce, "Yaya, nawa ne fa, na kuma yafe."

"Naka ne a rabo. Ranar da yayanka ya kawo ni garin nan, ban san maganarku ba, ban san tuwonku ba, ko tafiyarku daban na gan ta. Na leƙo bayan katanga ina kuka, sai na ga wannan. Irinsa ne a ƙofar gidanmu. Shi kaɗai na sani a garin nan." Ta faɗi sunansa da yarensu, ta dafa jikinsa. Na so in riƙe sunan, kafin yamma ya ɓace mini.

Na ce, "Inna, in ba a sare ba, ba za ki ji tashar ba sai damina."

"Ina ce zai zubar da ganyen?"

"Zai zubar."

"To sai damina. Me kake ta zarya a kai?"

Na fara kawo maganar ƙarfe mai tsawo, ko a nemi wani wuri a ja waya. Ta ɗaga mini hannu.

"Ka bar faifan nan ya huta. Kai ma ka huta, dubi yadda ka rame."

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Ban koma Kano ba, na zauna ina gadin ƙofa kamar wawa. Da yamma ina zaune a tsakar gida sai na ji ƙamshin turare ya taso daga ɗakinta. Ba ta ce ta fasa tafiya ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙullin yana nan a ƙurya, amma kaskon yana waje.

Haka muka yi shekarun da suka rage mata. Mutane na duban gabas don hadari, ita tana duban gawo. In bazara ta yi nisa sai ta sa a kai mata kujera bayan katanga, ta dawo tana cewa, "Tsohon ya fara sanƙo." Da ganye ya zube tashar ta dawo da kanta, ba wanda ya taɓa noti. In kaka ta yi matar ta fara in'ina, sai Inna ta yi mata sallama, ta ce sai baɗi in da rai. Ni dai ban taɓa sakin jiki ba. Duk rani ƙullin nan yakan ɗan ƙara tsayi, duk rani ina zuwa ina leƙen kasko.

Cikin rani ta rasu, gawo na cike da ganye. Aka kai ta kusa da Baba. Da muka kwance ƙullin ba komai a ciki sai zannuwa da tasa da carbi.

Da damina ta sauka na zo gida noman fari. Mun dawo daga gona da yamma, ƙanwata na neman tashar Hausa, hannunta ya faɗa kan lambar da ta saba dannawa. Na ji inji ya yi gurnani a tsakar gida. Ta taga na ga dish ya juya a hankali ya sunkuyar da kai gabas, wajen rassan da suka koma tsirara. Hoto ya fito tar. Matar nan ce, ta ɗan manyanta, ta kalle mu ta yi gaisuwa.

Gaisuwar na iya, sai na amsa mata. Ta ci gaba da magana, daga nan ban ƙara gane ko kalma ɗaya ba.

Ƙanwata ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Yaya, in canja?"

Na ce ta bari. Muka zauna muna saurare har aka gama shirin.